Yadda za ka tanadar wa ƙudan zuma fure a gefen gonarka, damina da rani

Duk wanda ya taɓa noman kankana ko kabewa ya san wannan ɓacin ran: yaɗo ya rufe ƙasa, ganye shar, fure ko'ina, amma ƙananan 'ya'yan sai su tsaya cak, su yi rawaya, su zube. Wani ya ɗora wa taki laifi, wani ya ce irin ne ba shi da kyau, wani ma ya ce baki ne ya kama gonar. Sau da yawa abin bai kai nan ba. Kabewa da kankana da gurji da agushi furensu iri biyu ne, namiji daban, mace daban, kuma garin furen namijin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. Sai ƙwaro ya shiga wannan ya fito ya faɗa wancan kafin a samu barbara. In ƙwarin ba su zo da safiyar da furen ya buɗe ba, shi ke nan, domin furen yini ɗaya ma ba ya kaiwa, kafin azahar ya rufe.

Rahoton da ƙungiyar masana halittu ta duniya, IPBES, ta fitar a 2016 ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona na duniya suna amfana da barbarar ƙwari, wasu kaɗan, wasu kuma rayuwarsu ke nan. Gero da dawa da masara da shinkafa ba sa cikin masu wannan buƙatar, iska ta ishe su. Gyaɗa da wake ma galibi kansu suke barbara. Amma duba inda kuɗin manomi yake: riɗi, auduga, kankana, irin albasa, mangwaro, kaɗanya. A wani bincike da aka yi a Burkina Faso aka wallafa a 2017, da aka hana ƙwari kaiwa ga furanni, amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin ɗari, na riɗi kuwa da kashi 59. Mai noman riɗi a Maigatari ya auna wannan da buhunansa.

Matsalar ita ce riɗinka 'yan makonni kawai yake fure. Ƙwaron da kake so ya zo maka a waɗannan makonnin sai ya samu abin ci a sauran watannin shekara, in ba haka ba ya mutu ko ya ƙaura. Kamar shanun huɗa ne: aikinsu na ɗan lokaci, ciyar da su na shekara guda cur. A Turai da Amurka manoma na ware ɗan zirin ƙasa a gefen gona su shuka furannin daji don wannan dalili. A jihar Mishigan ta Amurka an gwada hakan kusa da gonakin wani ɗan itace mai suna bulubari, aka ga amfanin ya ƙaru a shekara ta uku da ta huɗu. A Afirka ta Kudu ma an gwada dasa 'yan kuibi, wato ƙananan filaye, na furannin dajin ƙasar a tsakiyar manyan gonakin mangwaro, 'ya'yan suka ƙaru. Dabarar ce za mu ɗauka, ba irin nasu ba. Furannin dajinmu suna nan, su ne abin da muke kira ciyawa muke fesa wa magani, da kututturan da muke sarewa kowace bazara.

Mataki na 1: San masu yi maka aikin

Ka fita gona da hantsi wata rana ba da fartanya ba, ka tsuguna kusa da abin da ke fure, ka yi kallo. Ƙudan zuma da kowa ya sani shi za ka fara gani. In ka ƙara haƙuri za ka ga galla, 'yar mitsitsiyar nan marar harbi da ke damun mutum a ido lokacin zafi, wadda ke gida a kogon itace ko tsagin bango. Za ka ji gurnanin baƙin ƙaton nan mai huda azara da itacen rumfa. Shi da wasu 'yan uwansa suna da wata baiwa da ƙudan zuma ba shi da ita: suna kama fure su girgiza shi da ƙarfi har garin ya zubo, kuma furen gauta da yalo da tumatir da tafasa irin wannan girgizar suke so.

Nau'o'in ƙudan zuma da danginsa a duniya sun haura 20,000, kuma mafi yawansu ba sa yin zuma, ba su da sarauniya, ba sa taro. Kowace mace ita kaɗai take haƙa raminta a ƙasa ko ta nemi ɓargon kara, ta tara garin fure, ta yi ƙwai a kai, ta toshe. In ka ga an yanke gefen ganye zagaye tsaf, aikin ɗaya daga cikinsu ne, shimfiɗa take yi wa 'ya'yanta. Sai ƙudaje, waɗanda su ne kan gaba a furen mangwaro, suna kuma zuwa na albasa. Sai malam-buɗe-littafi da rana, da danginsa na dare masu zuwa farin furen duma. Kuka da ɗorawa kuwa jemage ne babban baƙonsu.

Abin da za ka riƙe a nan shi ne nisan tafiya. Ƙudan zuma na iya yin kilomita biyu ko uku, har fiye, don neman abinci. Ƙananan nan masu zaman kaɗaici mita ɗari biyu zuwa ɗari biyar ne iyakar yawancinsu. Dajin da ke bayan gari ba zai amfane su ba, sai abin da ke jikin gonarka.

Mataki na 2: Gano watannin yunwa

Ɗauki takarda ka jera watanni goma sha biyu. A gaban kowane wata rubuta abin da ke fure a gonarka da kewayenta, iya inda za ka kai da tafiyar minti biyar. Kada ka dogara da kanka kaɗai. Masu ɗaura amya, da matan da ke tsinkar ganyen miya, da makiyaya, sun fi kowa sanin abin da ke fure da lokacinsa.

A yawancin ƙasar Hausa tsarin yakan zo kusa da haka: ganyayyaki da ƙananan tsirrai suna fure daga Agusta zuwa Oktoba, magarya daga ƙarshen damina zuwa kaka, gawo daga ɗaukewar ruwa zuwa cikin ɗari, mangwaro da kaɗanya daga wajen Disamba zuwa Maris, ɗorawa da darbejiya in zafi ya fara shigowa, bagaruwa da kuka cikin damina. Zariya ba za ta zo daidai da Damagaram ba, shi ya sa takardarka ta fi wannan jerin amfani.

Yanzu duba inda takardar ta zama fayau. Wurare biyu sukan fito. Na farko ƙarshen bazara. Na biyu, wanda mutane ba sa zato, farkon damina ne: ko'ina kore, amma an yi noman farko an share komai, shuka kuma ba ta kai fure ba. In kuwa gonarka irin wadda aka sare wa bishiyoyi ce ƙaf, za ka tarar daga Nuwamba har Yuli babu komai. Duk sauran aikin cike waɗannan guraben ne.

Mataki na 3: Zaɓi wuri

Ba sai ka taɓa tsakiyar gona ba. Akwai kan iyaka inda dama ake barin gamba, akwai bakin kwari, gindin suri, kewayen rijiya, da kusurwar da garma ba ta kaiwa. Zirin da ya kai faɗin mita biyu ya wadatar. A gona mai hekta ɗaya, mita ɗari kowane gefe, in ka bar mita biyu a gefe biyu, kusan kashi 4 cikin ɗari na ƙasar ka bayar. Mai ƙaramar gona ya bar mita ɗaya, ko ya yi 'yan kuibi uku ko huɗu a warwatse.

Lura da iska. Da damina ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, don haka zirin da ke wannan ɓangaren feshinka ba zai riƙa sauka a kansa ba. A lambun rani kuwa iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai a juya lissafin. Sannan ka yi wa maƙwabcinka bayani tun kafin ka fara. Abin da aka bari a kan iyaka ba tare da magana ba shi ke kai mutane gaban mai unguwa, kuma feshinsa na iya rushe duk wahalarka cikin safiya ɗaya.

Mataki na 4: Tara iri

Lokacin tara iri kaka ne, Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da kwanso ya bushe bai fashe ba. Ka tsinko daga tsirrai da yawa, ba daga gindi ɗaya ba, kuma ka bar wa wurin rabonsa. Shanya a inuwa, gauraya da toka kaɗan saboda ƙwari, zuba kowane iri a kwalbarsa.

Ga waɗanda suka cancanci wuri: karkashi, gasaya, ɗoɗɗoya, lalo, rama, yakuwa, tafasa, rai-ɗore, alkamar tururuwa, da shi kansa riɗi. Masu hawa shinge kuma akwai soso, garafuni da yaɗiya. Soso na musamman ne, manyan furanninsa masu rawaya ba sa rabuwa da baƙi tun asuba, kuma yakan daɗe yana fure. Ɗoɗɗoya ma haka, in tana samun ruwa ba ta gajiya. Tumfafiya in ta fito da kanta a gefe ka ƙyale ɗaya ko biyu, tana fure har a tsakiyar rani lokacin da kowa ya bushe.

Ka lura rabin wannan jerin kayan miya ne. Nan ribar take, nan kuma rigimar take. In mutanen gida suka tsinke kan kowane gindi don miya da kwaɗo, ba za a ga fure ba. A yi yarjejeniya tun farko: kashi biyu na tukunya, kashi ɗaya ba mai taɓa shi sai ya yi fure ya zuba iri.

A nemi bambancin siffa. Fure mai zurfi irin na riɗi da karkashi sai ƙwaro mai dogon baki. Buɗaɗɗen fure marar zurfi shi ne na ƙudaje da galla. Iri shida zuwa goma masu siffa daban-daban sun fi iri ɗaya mai yawa.

Akwai ƙa'ida guda da na fi so a kiyaye: kada ka sa dangin abin da ka shuka a jikinsa. Rama da yakuwa da kuɓewa dangin auduga ne, ƙwarin da ke cin wannan su ke cin wancan. Soso da garafuni dangin kankana ne, za su iya zama wa ƙudan da ke huda 'ya'yanta mafaka. Mai kankana ya sa ɗoɗɗoya da karkashi da gasaya. Mai auduga ya kai ramarsa can nesa.

Wasu kuma ba a ba su masauki ko da wasa. Ƙuduji furensa ja mai kyau ne, amma gindi ɗaya na zuba dubban iri da za su yi shekara fiye da goma a ƙasa suna jiran gero da dawa. A tuge shi kafin ya yi iri, a ƙone. Garmani ya riga ya cinye makiyaya da burtali da yawa a Nijar, kada a ƙara masa fili. Su kuma 'yan fakitin irin furen waje da ake tallatawa, an haɗa su ne don ƙasashen sanyi. Wasu ba za su jure zafinmu ba, waɗanda suka jure kuma ba ka san abin da za su zama nan da shekara biyar ba.

Mataki na 5: Shuka

Share ciyawar wurin, musamman ƙarangiya da sauran masu dogon ganye, ka ɗan sassauta ƙasar sama-sama. Kada ka zuba takin zamani. Takin yuriya ciyawa yake tayarwa, ita kuma ta danne masu fure. In ƙasar ta gaji ƙwarai, ɗan takin gida da ya ruɓe ya isa. In faƙo ne, yi irin dabarar manoman Tawa: haƙa ramukan tassa ko rabin wata don su tare ruwa, ka shuka a ciki.

Jira sai damina ta zauna, bayan ruwa na biyu ko na uku mai kyau. Ƙananan iri a cuɗa su da yashi don su watsu daidai, a yafa, a taka da ƙafa, kada a binne su da zurfi. Masu taurin baya irin tafasa da rai-ɗore a jiƙa su cikin ruwan ɗumi su kwana. Kowane iri a ba shi kuibinsa, aƙalla taki ɗaya tsawo taki ɗaya faɗi, domin ƙudan zuma in ya fara da fure ɗaya shi yake bi har ya koma gida, kuma ya fi hango tari a kan ɗaiɗaiku.

Kada ka zuba irin duka rana ɗaya. Raba shi uku, ka bar mako biyu ko uku tsakanin kowace shuka. Ta farko, musamman gasaya mai saurin fure, ita za ta rage yunwar farkon damina. Ta ƙarshe ita za ta ja fure har bayan girbi. Sau biyu za ka shiga ka cire ciyawa da hannu kafin tsirran su rufe ƙasa.

Mai lambu a fadama ya fi kowa dama, don yana da ruwa lokacin da daji ya bushe. Ya ware fangali ɗaya ko bakin hanyar ruwa ya sa ɗoɗɗoya da na'ana'a da lansir, ya bar 'yan gindin albasa su yi kai. Masu fitar da irin albasa a Aleiro da Galmi sun san cewa kan albasa da ƙwari ba su yi rubdugu a kansa ba, ƙaiƙayi ne zai fi yawa.

Mataki na 6: Bishiyoyi, inda babban abincin yake

Zirin ganyayyaki wata uku ko huɗu zai yi. Sauran watannin na bishiya ne, kuma gawo ɗaya da ya cika fure ya fi dogon ziri ba da abinci. Shi ya sa a ƙasarmu wanda ya shuka fure yana kuma ci gaba da sare bishiya bai yi rabin aikin ba.

Hanya mafi sauƙi ba dashe ba ce, sassaben zamani ne. A yankin Maraɗi aka fara yaɗa shi tun 1983, inda wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara kututturan bishiyoyi ne masu rai da saiwa mai zurfi. Manoman Nijar suka rungumi abin, har aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200. Yadda ake yi: lokacin sharar gona, in ka zo kan kututture mai toho, zaɓi rassa mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka sare sauran. Rassan da ka bari ka rage musu ƙananan rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu. Yi amfani da kaifaffen makami, ka yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɓare. Ɗaura ɗan tsumma don masu neman itace su san da mai shi. Bayan 'yan watanni ka sake zagayowa ka rage sabon toho.

In don ƙwari ake yi, kada a bar iri ɗaya kawai. Kalgo da sabara su ne suka fi yawan fitowa, a bar su, amma a sa ido a kan magarya, kurna, aduwa, gawo, ɗinya da tsamiya, ana duba takardar nan ta mataki na biyu: wace ce za ta yi fure a watan da ba komai? Binciken da aka wallafa a 2020 kan kaɗanya a kudancin Burkina Faso ya gano cewa ƙudan zuma da galla su ne masu barbararta, kuma ƙarancin barbara ya fi sauƙi a wuraren da bishiyoyi da ƙananan itatuwa suka fi bambanta. Wato wanda ya sare komai ya bar kaɗanya kaɗai, ita ma ya rage mata 'ya'ya. Tunda kuwa kaɗanya kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara haihuwa, ƙaramar da ta fito da kanta ba abin tugewa ba ce.

Mai gaggawa ya sa zogale. Cikin shekarar farko yake fure, in yana samun ɗan danshi kuma kusan ba ya hutawa. Lalle ma in ba a aske shi duka ba yana ba da fure mai ƙamshi, ga shi shinge ne da kansa. Irin gawo da na bagaruwa baya gare su mai tauri: a zuba musu ruwan zafi su kwana a ciki, ko a tsinto waɗanda suka fito cikin kashin awaki. Sai roƙo ɗaya ga masu sassaƙe gawo don dabbobi: in an yi saran yana tsakiyar fure, an yi asarar furen, an kuma yi asarar 'ya'yan da dabbobin za su ci daga baya.

Mataki na 7: Gida da ruwa

A cikin Suratun Nahli, aya ta 68, an ambaci wuraren zaman ƙudan zuma uku: duwatsu, bishiyoyi, da abin da mutane ke ginawa. Duk ukun kana iya tanadar irinsu. Bar wani ɗan fili a cikin zirin, mai rana, marar ciyawa, wanda ba ruwa ke kwanciya a kai ba, kada garma ta taɓa shi shekara da shekaru, domin mafi yawan masu zaman kaɗaici a ƙasa suke rami kuma huɗa ɗaya ke tone 'ya'yansu. Tsohuwar katangar laka mai 'yan huji-huji gari ce guda, kada a yi saurin rushe ta. Busasshen kututture da bishiya mai kogo ma a bar su.

Don masu shiga kara, yanka gora siririya ko duk wani kara mai rami, tsawon kamar santimita 15 zuwa 20, gaɓa ta toshe ƙarshe ɗaya, ka ɗaure su dami. Ko ka samu busasshen gungume a huda shi da ramuka masu faɗin milimita 3 zuwa 10. Rataye a ƙarƙashin inuwa, bakin ramukan kada ya kalli gabas inda hadari ke tasowa, kada kuma ranar yamma ta doke shi. Shafa ɗan baƙin mai a igiyar saboda tururuwa.

Ruwa da rani wajibi ne. Kasko marar zurfi, a cika shi da tsakuwa yadda ƙwaro zai sauka ya sha bai nutse ba, a ajiye a inuwa, a sauya ruwan duk bayan kwana biyu ko uku don kada sauro ya yi ƙwai. Wannan kaskon zai kuma rage cincirindon zuma a bakin rijiya da wurin wanke-wanke.

Amya ba dole ba ce. In za ka sa, nisanta ta da hanya da gidaje da inda ake ɗaure dabbobi, don zumarmu ba ta da haƙuri, dabbar da ke ɗaure kuma ba ta da hanyar gudu.

Mataki na 8: Feshi

A nan yawancin ƙoƙari ke rushewa. Ka tara ƙwari da fure sannan ka fesa musu guba, gara ma ba ka tara su ba. Magungunan ƙwarin da suka cika kasuwanninmu, masu sinadarin sifametirin, lamda, dayimetowet da imidakulofirid, duk suna kashe ƙudan zuma. Na ƙarshen nan shiga jikin shuka yake yi har ya fito a cikin ruwan fure, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi da wasu 'yan uwansa biyu a buɗaɗɗen filin gona tun 2018.

Ba cewa ake kada a yi feshi ba. Mai wake ya san in bai fesa ba tsutsa za ta bar shi da harawa. Abin da ake nema tsari ne. Duba gonar tukuna ka tabbatar ƙwarin ɓarna sun kai a fesa, maimakon bin ranar kasuwa. Yi feshin da yamma liƙis, bayan la'asar sakaliya zuwa faɗuwar rana: furen wake da na kankana da kabewa da safe suke buɗewa, kafin yamma sun rufe, ƙwarin sun koma gida, maganin kuma zai samu dare guda ya bushe. Feshin hantsi shi ne mafi muni, kuma shi aka fi yi. Kada a fesa ana iska. Bar taki uku ko huɗu tsakanin inda feshi ya tsaya da zirin furen. Bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a bar al'adar ƙara murfi ɗaya "don ya fi ji" da haɗa magani uku a tanki ɗaya. Ruwan 'ya'yan darbejiya ya fi sauƙi a kan ƙudan zuma, amma shi ma da yamma za a fesa. In maƙwabci na da amya, a gaya masa kwana ɗaya kafin feshi. Ruwan wankin tanki kuma kada a zubar inda zai taru, ƙwari za su sha.

Maganin ciyawa shi ba ya kashe su nan take, abincinsu yake ƙonewa. Yaron da ka ba aikin feshi, kai shi ka nuna masa zirin da hannu, in ba haka ba zai ɗauka gyara yake yi maka.

Mataki na 9: Bayan girbi

Da an saki dabbobi, zirin da ba shinge kwana ɗaya zai yi. Kewaye shi da ƙayar magarya, ko ka fara dasa aguwa tun bazara ta zama shinge mai rai. Bar tsirran su bushe a tsaye su zuba iri. Shekara mai zuwa rabin shukar da kanta za ta fito. In za ka yanka don dabbobi ko don tsoron maciji, yanka kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, ka share siririyar hanya tsakanin zirin da gona. Wuta kuwa kada ta kusance shi. A cikin busassun karan nan da ƙarƙashin ƙasar akwai 'ya'yan da ke jiran damina, don haka in za a ƙone sharar gona a tara ta can tsakiya.

Mataki na 10: Gwada ka gani

Gwaji biyu ne, ba mai cin kuɗi. Na farko ƙidaya: zaɓi wuri mai fure, kamu biyu tsawo kamu biyu faɗi, ka zauna minti goma da hantsi ranar da ba iska ba hadari, ka ƙirga duk ƙwaron da ya sauka a fure. Rubuta adadin da ranar. Maimaita sau ɗaya a wata a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Wannan aiki ne da 'yan makaranta za su yi da murna.

Na biyu shi ke nuna kuɗin. Samu tsohon gidan sauro ka yayyanka. Kafin fure ya buɗe, rufe rassa goma na riɗi ko kan albasa goma, ka sa wa wasu goma alama da zare ka bar su a buɗe. Da girbi ka sussuke kowane kashi daban ka auna. Bambancin da ka gani shi ne abin da ƙwari ke sa maka a buhu.

Shekarar farko kada ka sa ran ganin canji a amfanin gona. Ƙwarin sai sun samu wurin, sun hayayyafa, kuma ko a Mishigan sai a shekara ta uku abin ya bayyana. Kafin nan, mai kabewa ko kankana yana iya taimakon kansa da hannu. Da sassafe ka tsinko furen namiji, shi ne marar ƙulli a gindi, ka cire ganyen furen, ka goga tsinken a tsakiyar furen mace, wadda ke da ɗan ƙaramin ɗa a ƙarƙashinta. Namiji ɗaya na isar mata biyu ko uku, kuma a gama kafin ƙarfe tara.